Ranar da Kan Babur ɗin Yaya Garba Ya Daina Rawa

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gidana nan Ƙanƙara, sai wani babur ya biyo lungunmu da gudu. Jikokina da ke wasan ƙasa a gindin dalbejiya suka watsar da gwangwanayensu suka faɗa gida, ƙaramarsu har da tuntuɓe a bakin zaure. Mai babur ɗin kuwa ɗan maƙwabcinmu ne, niƙa ya ɗauko daga inji. Ban yi wa yaran faɗa ba. A duniyar da suka buɗe ido suka tarar, ƙarar babur ba ta cika zuwa da alheri ba. Da ita mutanen daji ke shigowa gari, da ita aka tashi ƙauyen da aka haife ni. Amma ni da na ƙare ƙuruciyata hannuna cikin baƙin mai ina gyaran babura, abin ya tsaya mani a rai. A zamaninmu in yara suka ji ƙarar babur, waje suke gudu su gani.

Ƙauyen namu ɗan ƙarami ne, kusa da Tafoki. In na tuna shi, kunnena ke riga idona. Luguden mata da hantsi, guga tana bugun bakin rijiya, kukan jakunan da ke kai auduga Daudawa da kaka, tarin limaminmu kafin ya kira asuba. A gidanmu kuma akwai wasu sautuka da ba su rabuwa da juna: mazarin Iya yana juyawa a tsakar gida tana kaɗi, da ƙwanƙwasar Yaya Garba a zaure yana bugun fata bisa wani guntun turmi. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ma kan tsaya, kamar yana sauraren ko lafiya.

Yaya Garba shi ne ɗan farin Iya, ni ne auta. Shan inna ya kama shi tun bai daɗe da fara tafiya ba, ƙafafunsa duka suka shanye. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kama sunansa, kuma galibi wurin kaka yake tashi. Iya ta riƙe rabin al'adar, ta yar da rabi. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce Garba ba, sai dai "yayanka" ko "na zaure". Amma ba ta yarda kowa ya ɗauke mata shi ba. Ta goya shi har ya yi tsawon da ƙafafunsa ke taɓa bayan gwiwarta, ta kai shi wurin kawunmu baduku ya koyi ɗinkin fata, ita ke ɗauko shi da yamma. Da Baba ya rasu, 'yan'uwanmu mata suka tafi gidajen aurensu, ni kuma aka kai ni Ƙanƙara wurin Malam Ilu makanike, sai gidan ya rage su biyu. Tana tsakar gida, yana zaure, katanga a tsakaninsu, suna wuni suna hira ba tare da sun kalli juna ba. Ita ta ba shi labarin wanda akuyarsa ta haihu, shi ya ba ta labarin da masu kawo gyaran takalmi suka zo da shi. Yanzu ina ganin mutum goma a ɗaki ɗaya kowa ya duƙufa a kan wayarsa, har a watse ba wanda ya ce da wani ƙala. Su kuwa da katanga a tsakani, babu abin da ɗaya bai sani ba game da ɗayan.

Wani mai kawo masa gyara ne ya gaya wa Yaya cewa akwai tsohon malamin gona a Daudawa da zai bar aiki, yana neman rabuwa da wani babur da Turawan auduga suka bari. Babur ne mai wata kujera a gefe a cikin akwatin ƙarfe, da tayarta daban, wato taya uku ke nan. Mu dai komi muka sa wa akwatin suna, don ya yi kama da komin da ake ba shanu ruwa. Abin da ya ja hankalin Yaya shi ne babur mai taya uku ba ya faɗuwa in ya tsaya, ba ya buƙatar a dafa ƙasa da ƙafa. Ya ba da bijimin da ya gada daga Baba, aka turo masa babur har ƙofar zaure. Ni na tayar da injin. Na mayar da birkin ƙafa na hannu, na ƙara wa giya dogon ƙarfe yadda zai kama. Tayar da shi kuwa da hannu yake yi, ya danna ƙarfen da mu muke takawa da ƙafa, don Allah Ya zuba wa Yaya ƙarfin ƙafafunsa duka a damatsa.

Ranar da ya fara hawa, kaf yaran ƙauyen suka biyo shi suna ihu. Da farko lafiya lau. Yana ɗan ƙara wuta sai kan babur ya kama rawa, hagu da dama, hagu da dama, kamar mai masassara, har haƙoran mutum na haɗuwa. Duk ƙarfin hannun Yaya bai iya tsayar da shi ba. Babur ya kwashe shi ya afka gonar dawar Malam Tanko, kara ya tsage masa gira. Daga ranar ya gane iyakarsa. Yana zuwa masallacin Juma'a, yana zagaya gona, amma a hankali, tafiyar da wata rana jakin mai itace ya wuce shi, mai jakin yana yi masa sannu da hanya. Yaya ya yi dariya a gabansa, amma da na zo gida ya ce mani, "Auta, na ba da sa na amshi abin da jaki ke wucewa. Ka yi mani wani abu."

Na gwada duk abin da na sani. Na daidaita iskar tayoyi, na ɗaure wuyan babur ɗin, na sa buhun yashi a komi don ya danne. Rawar ta ragu, ba ta tafi ba. Malam Ilu ne ya warware mani. Ya ce komin nan yana jan babur gefe ɗaya, tayar gaba tana ƙoƙarin komawa daidai, to wannan jayayyar ce rawar. Maganinta a samo wata 'yar shokozoba siririya da ake sa wa sitiyarin ƙaramar motar nan mai doro, mai inji a baya. Ƙarfe ne kamar famfon keke, da mai a cikinsa. In ka tura shi a hankali ya bi ka, in ka fizge shi ya ƙi. Na bi masu tsofaffin motoci har Funtuwa kafin na samu ɗaya mai sauran rai. Na ƙera maɗaurai biyu a wurin mai walda, na naɗe komai a tsumma na nufi gida.

Da safe Iya ta ga ƙarfen a gefen tabarmata. Tana kaɗi, ba ta ɗago ba, ta ce, "Auta, wannan na mi ne?"

"Na babur ɗin Yaya ne, Iya. In na ɗaura shi, kan ya daina rawa."

"In ya daina rawar fa?"

"Sai ya je inda yake so. Sheme, Faskari, har Sabuwa in ya ga dama."

Mazarin ya tsaya. Ta shafa alli a yatsunta, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ce, a hankali yadda ba za a ji daga zaure ba, "Yana zuwa masallaci. Yana zuwa ya ga dawarshi. Ka bar mashi abinshi yadda yake."

"Iya, rawar nan ce ta jefa shi gonar Malam Tanko."

"Tun daga ranar ai ya san inda zai tsaya."

Na ce ta yi mani haƙuri, na riga na yi masa alkawari. Na shiga yi mata bayani cewa da ƙarfen ya fi zama lafiya a hanya, ba abin da zai same shi da yardar Allah. Ta bar ni na gama tas. Ta ce, "Ni ban hana ka ba. Na dai faɗa maka." Ta murza mazarinta. Ni a lokacin tsoron hatsari kawai na ji a maganarta, har ina jin daɗin na kwantar mata da hankali. Ƙuruciya ce. Kunnena ya iya rarrabe ƙarar inji mai lafiya da marar lafiya tun daga nesa, amma bai ji abin da uwata ke faɗa mani daga nan zuwa can ba.

A gindin tsamiyar ƙofar gida muka yi aikin, ni da Yaya. Maɗauri ɗaya na kama a ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ɗayan a ƙarfen da ke ɗauke da komi, shokozoba ta kwanta a tsakaninsu. Na ɗaure notuna, na miƙe ina share gumi, ina ganin an gama. Yaya yana zaune a ƙasa, idonsa daidai da taya, ya ce in juya kan zuwa dama. Na juya, sai kan ya cije a rabin hanya. Ƙarfen ya ƙure tsawonsa kafin kan ya gama juyawa. Da ya hau a haka, kwanar farko za ta kai shi daji. Muka kwance, muka matso da maɗaurin kusa da wuyan babur, muka gwada, muka sake matsowa, har sai da kan ya kai ƙarshen hagu da ƙarshen dama ƙarfen yana da sauran wuri. Sai kuma na hau na danna gaban da nauyina don mu ga ko zai taɓa wani abu in taya ta faɗa rami. Robobin bakin ƙarfen sun riga sun mutu, suna marmashewa a hannu. Yaya ya jawo jakarsa, ya yanka fatar shanu mai kauri zagaye-zagaye, ya jiƙa da man gyaɗa, muka jera su a madadin roba. Duk tsawon aikin nan ban ji ƙarar mazari daga cikin gida ba. Na lura, amma ban tsaya na yi tunani a kai ba.

Bayan azahar muka fita gwaji, shi a kan babur, ni a komi. Muka wuce gonar Malam Tanko, ya ƙara wuta. Na riƙe bakin komi ina jiran rawar. Ba ta zo ba. Ya ƙara. Muka shiga inda ruwan damina ya yi wa hanya kunya-kunya, kan ya ɗan girgiza sau ɗaya ya koma ya nutsu. Yaya ya saki hannu ɗaya ya ɗaga sama, ya ƙwala wata irin kururuwa da ban taɓa jin ta fito daga bakinsa ba, tsuntsaye suka tashi daga gona. Na duba na ga hawaye na bin gefen fuskarsa zuwa kunne. Na ce mu juya haka nan. Ya ce, "Juya ina? Yau sai na ga Sheme da idona." Mutumin da ya haura talatin bai taɓa zuwa ko'ina ba sai a bayan wani. A Sheme ya ga motoci na wucewa a kan kwalta, ya sha rake a bakin hanya, ya kuma ga takalman da ya ɗinka da hannunsa a rumfar wani, mai rumfar yana rantsuwa aikin Kano ne. Yaya ya juya takalmin ya nuna masa irin ƙullin da yake yi a ƙarƙashin maɗauri. Rana ta yi ja muka iso gida. Iya na tsaye a bakin zaure, inda ba ta saba tsayawa ba. Ba ta tambayi inda muka je ba. Ta koma ciki ta kawo tuwo.

Daga nan Yaya ya zama ɗan kasuwa. Yau Sheme, gobe Faskari, jibi Ƙanƙara, komi cike da takalma da jakunkuna da linzami. Ya yi ƙiba, muryarsa ta buɗe, ya koyi zolaya. A kasuwar Sabuwa ya samu rumfa, a can kuma ya haɗu da Hauwa, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli, wadda ta ce ita ba ƙafa za ta aura ba. Da aka ɗaura aure ya ce zai zauna can, inda aikinsa ke da masu saye. Ya roƙi Iya ta bi shi. Ta aika masa da amsa ta bakina, wai ina aka taɓa ganin uwa ta tare a gidan ɗan fari. Ni ma na ce ta dawo Ƙanƙara wurina, ta ce ba ta barin ɗakin da Baba ya aje ta. Ranar da zai tashi ta ɗaure masa daddawa da kuka da wani gwado da aka saƙa da zaren da ta kaɗa. Ta sa masa albarka daga tsakar gida. Ba ta fito ba.

Na ce a raina ni zan cike gurbin. Da farko kowace Juma'a ina gida. Sai aiki ya yi yawa, na buɗe wurin gyarana, na yi aure, Juma'a ta fara tsallake Juma'a. Duk zuwan da na yi nakan tarar an share zaure tas, buzun Yaya a shimfiɗe, guntun turminsa a inda yake. Ta daina kaɗi, ta ce hannunta ya yi sanyi. Maƙwabciyarmu Goggo Ladi ta ja ni gefe ta ce takan ji Iya tana magana da hantsi tana fuskantar zaure, sai ta yi shiru kamar mai jiran amsa, sannan ta tashi ta shiga ɗaki. Yaya yana zuwa, ba ya zuwa hannu sake, amma zuwan baƙo ne, ya wuni ya juya. Duk zuwan da zai yi da babur ɗin, ko kallon inda yake ba ta yi.

Sai da Hauwa ta haihu. Yaya ya zo da kansa ɗaukar Iya zuwa suna, ni ma ina nan. Muka yi zaton za ta ƙi. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da mayafinta da ƙullin kayan barka, ta tsaya a gaban komi ta ce, "Ta ina ake shiga?" Na kama hannunta ta zauna, na hau bayan Yaya. Hanyar Sabuwa a lokacin duk duwatsu ce da ramuka. Iya ta riƙe ƙullinta a cinya, idonta a gaba. Da muka yi nisa, a wani gangare mai tsakuwa, sai na ga ta miƙo hannu a hankali ta ɗora yatsunta a kan babur ɗin, kusa da hannun Yaya, ba ta taɓa shi ba. Ta bar su a nan har muka sauka gangaren. Sannan ta janye, ta waiwayo ta dube ni.

"Ko motsi babu," in ji ta. "Ka iya aiki, Auta."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Ai na faɗa maki, Iya." Babu faɗa a muryarta, babu gori. Ta gyara mayafinta ta mai da fuskarta wajen gonaki har muka isa Sabuwa. A can ta ɗauki jaririn ta daɗe tana murza 'yan ƙafafunsa, ɗaya bayan ɗaya. Washegarin suna ta ce a mai da ita gida.

Bayan 'yan damuna kaɗan ta rasu. Goggo Ladi ce ta ishe ta da hantsi, a zaure, kwance bisa buzun Yaya. Ashe ta daɗe da mayar da wuninta can. Ba ni nan, Yaya ba ya nan. Kafin saƙo ya same mu mu iso, an riga an kai ta. Da masu ta'aziyya suka ragu muka zauna mu biyu a zauren, na gaya masa maganar da ta yi mani ranar da na kawo ƙarfen. Ya ce ya ji, katangar nan ba ta taɓa ɓoye masa maganar Iya ba. Na ce to me ya sa bai ce komai ba. Ya daɗe yana shafa bakin turmin. Ya ce, "Da na ce wani abu, da har yau ina nan ina jiran a ɗauke ni. Kada ka ɗora wa kanka, Auta. Kai ƙarfe ka ɗaura. Ni na hau na tafi."

Na san gaskiya ya faɗa. Babu malamin da zai ce na yi laifi, kuma da za a mayar da ni gindin tsamiyar nan da sifana a hannu, ina jin zan sake ɗaure notunan. Amma sanin haka bai taɓa sauke mani abin ba. Yaya ya rayu ya tsufa a Sabuwa, ya bar gida cike. 'Ya'yansa da jikokinsa suna zuwa gaishe ni da salla, duk inda zaman yau ya watsa su. Babbansu, wanda Iya ta murza wa ƙafafu, ba ya tashi sai ya nuna ni ga yaransa ya ce, "Ga Baban da ya ba kakanku ƙafa. Ku ce Allah Ya saka mashi da alheri." Yaran su faɗa a tare, in ce amin, in shafa kawunansu. In sun tafi sai in ce a miƙo mani buta. In yi alwala, in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in roƙa wa Iya gafara, in kuma roƙi tata.